Gwajin Bayan Ido a Kumasi: Abin da Muka Biya Kuɗinsa da Abin da Muka Ƙi Saya

Yayata tana da shekara 67, kuma tun da na yi wayo ban san ranar da ta idar da sallar asuba ta tashi ba tare da ta buɗe Alƙur'aninta ta karanta abin da ya sawwaƙa ba. Wata uku kafin azumin da ya wuce ta kira ni ɗakinta a gidanmu na Aboabo, ta ce mini, "Ƙanena, layukan nan sun fara karkacewa, kuma harafin da na zuba wa ido shi ne yake ɓacewa, na gefensa kuwa ina ganinsu sarai." Da farko na ɗauka gilashinta ne ya tsufa, amma da ta rufe idon hagu ta dubi bakin ƙofa, sai ta ce shi ma ya lanƙwashe kamar sandar da aka tsoma a ruwa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ba ya gani, ƙanwarsa kuma ta ƙare rayuwarta ana yi mata jagora, kuma su duka biyun hukuncin da unguwa ta yanke shi ne tsufa ne, babu wanda ya kai su a duba musu bayan ido, balle a san sunan abin da ya ɗauke musu gani.

Wannan ne ya kai mu wani asibitin ido mai zaman kansa a nan Kumasi, wanda wani abokin aikina ya ba ni labarinsa, kuma wanda yake tallar abin da ya kira cikakken gwajin bayan ido ga waɗanda suka haura shekara 40. A takardar tallarsu sun ambaci awon ƙarfin gani, da awon matsin ruwan ido, da hoton bayan ido, da hoton jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi, sannan a ƙasa da manyan haruffa suka ƙara da gwajin yawu na gano ko mutum ya gaji haɗarin makanta. Mun je sau huɗu a cikin wata huɗu, ni da ita duka an duba mu, don haka abin da zan faɗa a nan ba na wanda ya leƙa sau ɗaya ya fito ba ne.

An ba mu lokaci ta WhatsApp, ƙarfe tara na safe, muka hau motar haya ta trotro muka isa tun kafin lokacin ya yi, amma ba a kira mu ba sai wajen sha ɗaya da rabi. Wurin zaman yana da tsabta, akwai ruwan sha, kujerun kuma suna da majingina, abin da tsoho yake bukata. Sai dai babu allon farashi a ko'ina, kuma sai da aka gama rubuta sunayenmu aka shaida mana cewa kowane hoto kuɗinsa daban, kuma katin inshorar lafiya na NHIS da muka zo da shi ba ya aiki a kan ko ɗaya daga cikin hotunan a wurinsu. Kuɗin hoto guda ya ninka kuɗin ganin likita kusan sau uku. Suna karɓar kuɗi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, wanda ya rufa mana asiri a ranar, amma ya kamata a ce tun a saƙon farko sun faɗa wa mutum abin da zai tanada, domin na ga wani dattijo da ya zo daga wajen gari ya koma ba a yi masa hoton ba saboda guzurinsa bai kai ba.

Ma'aikaciyar jinyar da ta fara karɓar mu 'yar arewacin Gana ce kuma tana jin Hausa, wannan kuwa ya sauƙaƙa wa Yaya ƙwarai, domin Twi ɗinta na kasuwa ne, Turanci kuma ba ta yi ba. Ta sa ta karanta alamomi da kowane ido shi kaɗai, ta auna mata hawan jini da sukari, sannan ta ɗauko wata takarda ta fara tambayar dangi ɗaya bayan ɗaya: mahaifi, mahaifiya, kakanni, 'yan'uwan ciki ɗaya, wane ne ya makance, yana da shekara nawa, ganin tsakiya ne ya fara tafiya ko na gefe, akwai mai ciwon sukari, akwai mai sikila, akwai mai shan taba a gidan. Wannan takardar ba a karɓi ko sisi a kanta ba, amma bayan wata huɗu ina da yaƙinin ita ce mafi amfani a cikin duk abin da aka yi mana, in an cire hoto ɗaya da zan ambata.

Bayan nan aka ɗiga mana maganin da ke buɗe ƙwayar ido, muka jira kamar rabin awa, aka shigar da mu wani ɗaki mai duhu inda na'urorin suke. Wadda ta fi muhimmanci ita ce ake kira OCT, wadda masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka fara bayyana ta a 1991. Mutum yakan ɗora haɓarsa ya dubi wani ɗigon haske, a cikin 'yan daƙiƙoƙi kuma sai hoton bayan idonsa ya fito a allo hawa-hawa, tamkar an yanka gurasa ana duban cikinta, ba tare da wani abu ya taɓa idon ba. Wanda ya ɗauki hoton ya yi haƙuri da Yaya, domin idon damanta ba ya iya tsayawa a kan ɗigon, sai da ya maimaita sau uku yana lallashinta da "Hajiya, saura kaɗan."

Likitar da ta gan mu mace ce mai natsuwa, kuma ita ce dalilin da ya sa nake ganin wurin ya cancanci a je. Ba ta tsaya ga faɗin sunan cuta da rubuta magani ba. Ta juyo da allon kwamfutarta wajenmu, ta kira ma'aikaciyar jinyar ta yi tafinta, ta nuna mana retina, wato siririn tantanin da ke shimfiɗe a bangon ido na baya wanda haske ke sauka a kansa, ta kuma nuna tsakiyarsa da ake kira makula, wurin da faɗinsa bai wuce milimita biyar da rabi ba, amma da shi ake karatu, da shi ake zura zare a allura, da shi ake gane fuskar mutum. A idon dama na Yaya ruwa ya taru a ƙarƙashin wannan wurin ya ɗaga shi kamar ƙullutu, shi ya sa layuka suke karkacewa. A idon hagu kuma akwai wasu ɗige-ɗige masu launin rawaya da likitoci ke kira durusen, wato dattin da ke taruwa a ƙarƙashin retina da tsufa. Sunan cutar lalacewar makula ta tsufa, kuma tana da nau'i biyu, busasshe mai tafiya a hankali da jiƙaƙƙe mai saurin ɓarna. Idon hagu yana matakin busasshen, na dama kuwa ya riga ya shiga jiƙaƙƙen.

Bayanin da ta yi a kan jini shi ne ya fi zama a zuciyata, kuma zan tsaya a kansa domin shi ne ya buɗe mini ido a kan abin da ya samu gidanmu. Retina, in ji ta, tana cikin sassan jiki mafi cin iskar oksijin idan aka kwatanta da girmanta, kuma ta hanya biyu take samun jini. Hawanta na sama yana sha ne daga wata jijiyar jini da ke shigowa ta tsakiyar jijiyar gani ta yi rassa, hawanta na ƙasa kuwa, inda ƙwayoyin da ke karɓar haske suke, yana sha ne daga wata shimfiɗar jijiyoyi da ke bayansa mai suna koroid, wadda ita ce ke ɗauke da mafi yawan jinin da ke shiga ido. Jijiyoyin retina suna daidaita kansu da kansu. Idan hawan jinin mutum ya ɗaga sai su tsuke, idan ya sauka sai su buɗe, idan kuma aka haska wa ido fitila mai ƙyaftawa sai su faɗaɗa cikin daƙiƙoƙi domin aikin ya ƙaru, ta yadda abincin da ke isa ga ƙwayoyin gani ba ya yawa kuma ba ya kasawa. Tsakiyar makula kuwa, inda gani ya fi kaifi, babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinta, domin kada ta tare haske, saboda haka dogaronta gaba ɗaya a kan koroid yake. Da shekaru suka ja, sai shingen da ke tsakanin koroid da retina ya yi kauri, ƙananan jijiyoyin koroid su ragu, datti ya taru, wurin ya fara jin yunwa. Idan yunwar ta yi tsanani sai idon ya fitar da wani sinadari mai suna VEGF da ke kiran sababbin jijiyoyi su tsiro, su kuwa waɗannan sababbin ba su da ƙwari, suna yoyon ruwa da jini, kuma wannan yoyon ne muka gani a hoton.

A nan ne zan yi wa takardar tallarsu gyara. Sun rubuta cewa hotonsu na biyu, wanda ke nuna jijiyoyin jini ba tare da an yi wa mutum allurar rini ba, yana auna yadda jini ke gudu a ido. Da na tambayi likitar, ta ce maganar ta wuce gona da iri, domin na'urar tana gane inda ƙwayoyin jini suke motsi ne ta zana taswirar jijiyoyin, ta nuna inda suka ragu da inda baƙi suka tsiro, amma ba ta faɗin yawan jinin da ke wucewa, kuma ba ta gwada ko jijiyoyin suna tsukewa da buɗewa yadda ya kamata. Ga Yaya hoton ya yi amfani, domin ya nuna tarin sababbin jijiyoyin ƙarara kamar saƙar gizo-gizo. Ni kuwa da aka sa na biya kuɗinsa tun a bakin ƙofa, likitar da kanta ta ce da ita na fara gani da ba ta nemi a yi mini shi ba. Tsarin da ke sa mai karɓar kuɗi ya zaɓa wa mutum hotuna kafin likita ta gan shi tsari ne da ya kamata su sauya.

Sai maganar gwajin yawu, wanda shi ne suka fi yi wa talla kuma shi ne mafi tsada a jerinsu. Ana tofa yawu a wata 'yar kwalba, a aika ta ƙasar waje, bayan wasu makonni a dawo da sakamako cewa haɗarin mutum na kamuwa da lalacewar makula babba ne ko ƙarami. Wani matashi a teburin karɓar baƙi ya matsa mini lamba sosai a kansa, yana cewa tunda mahaifina ya makance kuma ga yayata ta kamu, ai wajibi ne in san matsayina. Maganarsa ta kama ni, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma gaskiya ne cewa gado yana da babban kaso a wannan cutar. Binciken da aka yi a kan tagwaye a Amurka ya kiyasta cewa gado yana ɗaukar tsakanin kashi 46 zuwa 71 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a kanta. A 2005 ne aka gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado mai suna CFH, wadda ke kan kuromozom na 1, wato ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, kuma aikinta shi ne taka wa wani sashe na garkuwar jiki birki don kada ya far wa jikin kansa, yana ƙara haɗarin cutar sosai. Ba da jimawa ba aka gano wani wurin a kan kuromozom na 10, inda ƙwayoyin ARMS2 da HTRA1 suke. Zuwa 2016 wani babban bincike na haɗin gwiwar ƙasashe, wanda ya kwatanta masu cutar fiye da 16,000 da marasa ita fiye da 17,000, ya kai adadin wuraren gado masu alaƙa da cutar zuwa 34. Har ma akwai wani ƙaramin bincike da aka yi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya aka buga a 2013, wanda ya nuna cewa matasa masu lafiya da suka gaji sauyin CFH daga iyaye biyu, jijiyoyin koroid ɗinsu ba sa daidaita jini yadda na sauran suke yi idan hawan jini ya ɗaga, wato ke nan gadon yana iya taɓa hanyar jinin tun shekaru masu yawa kafin gani ya fara raguwa.

Duk da haka ban saya ba, kuma ina ba duk ɗan Zango shawarar kada ya saya, saboda dalilan da likitar ba ta ɓoye mini ba da na tambaye ta kai tsaye. Kusan dukkan mutanen da aka gina waɗannan alƙaluman a kansu Turawa ne. Shi wannan sauyin na CFH ana samun sa a tsakanin baƙaƙen fata kusan daidai da yadda ake samun sa a tsakanin Turawa, amma kuma matakin cutar mai makantarwa ya fi yawa ƙwarai a Turawa, wanda ke nuna cewa ma'aunin da aka yanka domin su ba zai faɗi gaskiyar haɗarin Bahaushe ko Badagombe ko Ba'asante ba. Bayan wannan, mutane da yawa suna ɗauke da sauyin har su mutu da ganinsu garau, wasu kuma ba su da shi amma su kamu. Abu mafi nauyi a wurina shi ne sakamakon ba ya sauya komai a abin da za a yi wa mutum. Ko an ce haɗarinsa babba ne ko ƙarami, shawarar ɗaya ce: ya guji taba, wadda ke ninka haɗarin cutar sau biyu ko fiye, ya kula da hawan jininsa, ya riƙa zuwa ana duba bayan idonsa. Shi ya sa tun 2012 ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta ba da shawarar kada a mayar da irin wannan gwajin abin yi wa kowa. Ina kuma jin tsoron wata illa da ba a faɗa, wato mutum ya karɓi takarda mai cewa haɗarinsa ƙarami ne, ya saki jiki ya daina zuwa asibiti, alhali cutar da ta fi yi mana barazana ba ita aka gwada ba.

Wannan cutar da ta fi yi mana barazana kuwa ita aka samu a idona. Na je ne a matsayin ɗan rakiya, ina da shekara 54, ba na jin ciwo, kuma da gilashina ina karanta ƙananan rubutu. Da aka auna matsin ruwan idona sai aka samu 24 a dama da 26 a hagu, alhali abin da aka saba gani yana tsakanin 10 da 21. Hoton ya nuna jijiyar ganina ta hagu ta fara ramewa, gwajin faɗin gani kuma, wanda ake danna maɓalli duk lokacin da aka ga ƙyallin haske, ya nuna wani yanki a sama da ba na gani ban kuwa sani ba. Gilakoma ce, wadda mutanenmu ke kira hawan jinin ido, ko da yake ruwan cikin ido ne yake matsawa, ba jini ba. Likitar ta ce yadda muka kwatanta makantar mahaifinmu, da ya fara da tuntuɓe da cin karo da kaya a gefe alhali yana iya gane fuska, ya fi kama da wannan fiye da irin ta Yaya. Ashe cuta biyu daban ne suke yawo a gida ɗaya, kuma takardar dangin nan ce ta fara nuna hakan.

Gana tana cikin ƙasashen da gilakoma ta fi yawa a duniya. Binciken ido na Tema, wanda ya duba mutum 5,603 masu shekara 40 zuwa sama, ya samu kashi 6.8 cikin 100 suna da nau'inta mafi yawa, kuma mafi yawansu ba su san suna da ita ba. Wani bincike a Rotterdam ta ƙasar Holan ya nuna cewa ɗa ko ɗan'uwan mai cutar yana da haɗarin da ya ninka na sauran mutane kusan sau tara. A 2019 kuma wani bincike da ya haɗa da mutanen Gana da Najeriya da Afirka ta Kudu ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna APBB2 da ke da alaƙa da cutar a tsakanin 'yan asalin Afirka, wanda binciken da aka yi a kan Turawa bai gano ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa gadonmu yana bukatar a nazarce shi a kan kansa. A nan ma jini yana da hannu, domin abin da ke isa ga jijiyar gani ya dogara ne da bambancin da ke tsakanin ƙarfin jinin da ke turowa da matsin idon da ke tare shi, shi ya sa likitar ta tambaye ni ko ina shan maganin hawan jini da kuma lokacin da nake sha, ta ce jinin da ya sauka ƙasa da kima cikin dare yana iya cutar da jijiyar da ta riga ta raunana.

Ta kuma tambaye mu rukunin jininmu na sikila, tambayar da ban yi tsammani ba a asibitin ido. Dalilinta shi ne kusan kashi 2 cikin 100 na jariran da ake haifa a Gana suna da cutar sikila, kamar yadda gwajin jarirai da marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya jagoranci farawa a nan Kumasi a 1995 ya nuna, kuma masu nau'in SC, wanda ya yawaita a tsakanin mutanen da asalinsu arewacin Gana ne da Burkina Faso, sun fi masu SS fuskantar mummunar lalacewar retina da ke biyo bayan toshewar ƙananan jijiyoyinta, duk da cewa ciwonsu na jiki ya fi sauƙi har wasunsu ba su san suna da shi ba. A unguwanninmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango, inda aure ya cakuɗa kabilun arewa, wannan tambaya ce da ta dace, kuma gwajinta yana nan a gida da araha.

An fara yi wa Yaya allura a cikin idon dama mako guda bayan ganin farko, da maganin Avastin, wanda ke toshe sinadarin VEGF, kuma ya fi takwarorinsa Lucentis da Eylea araha nesa ba kusa ba. Jin cewa za a soka allura a ido ya firgita ta, har ta ce mini, "Ƙanena, a bar ni da abin da Allah ya bar mini." Ma'aikaciyar jinyar ce ta zauna da ita ta bayyana mata cewa za a kashe zafin wurin da maganin ɗigawa, kuma abin ba ya kai minti ɗaya. Haka kuwa aka yi, ɗakin a tsabtace, an wanke idon da maganin kashe ƙwayoyin cuta, washegari kuma suka kira ta waya suna tambayar ko akwai ciwo ko ja ko raguwar gani. An yi mata sau uku, wata-wata. A hoton ƙarshe ruwan ya janye, ƙullutun ya kwanta, layukan sun miƙe sosai, ko da yake akwai ɗan dishi-dishi a tsakiya wanda likitar ta faɗa mana tun farko cewa ba lalle ya tafi ba, kuma mai yiwuwa a bukaci ƙarin allurai nan gaba. Ban ji ta yi mana alƙawarin abin da ba ta da iko a kansa ba ko sau ɗaya. Domin idon hagu ta rubuta mata ƙwayoyin bitamin da sinadarin zinki irin waɗanda binciken AREDS na Amurka ya nuna a 2001 cewa suna rage haɗarin tsanantar cutar da kusan kashi 25 cikin 100 ga waɗanda suka kai wani mataki, ta kuma ja mini kunne cewa ni ba su da amfani a gare ni. Ta ƙarfafa mata cin ganye irin su kontomire da alayyafo da zogale, da kuma kifi. Kantin maganinsu na cikin gida ya fi na Adum tsada, don haka daga karo na biyu a waje muke saye.

Ni kuma an ɗora ni a kan maganin ɗigawa mai suna latanoprost, ɗigo ɗaya kowane dare, kuma da azumi ya zo ban samu matsala ba tunda bayan isha'i nake sa shi. Matsin ya sauka zuwa 16 da 17. An faɗa mini a fili cewa abin da ya tafi na gani ba zai dawo ba, aikin maganin shi ne tsare abin da ya rage, kuma ba a daina shi don an ji sauƙi.

Akwai gazawa biyu da suka rage waɗanda ba zan yi shiru a kansu ba. Ba a gargaɗe mu tun daga gida cewa maganin buɗe ido zai sa gani ya yi hazo na wasu awoyi kuma hasken rana ya zama azaba ba, sai ga mu mu biyu a bakin titi da tsakar rana, kowa hannunsa a goshi, babu mai iya karanta saƙon waya, har sai da wani mai shago ya taimaka ya tsayar mana da tasi. Wanda zai je ya tafi da baƙin gilashi da ɗan rakiyar da ba za a ɗiga wa magani ba, kuma kada ya tuƙa mota ko babur. Ta biyun ita ce duk takardun sakamako da na umarni da Turanci suke, kuma a zuwanmu na uku da ma'aikaciyar nan mai jin Hausa ba ta nan, ni ne na zama tafinta, na kuma ga wata tsohuwa daga Alabar da ta fito daga ɗakin likita ba ta fahimci sau nawa za ta sa maganinta ba. Asibitin da ke karɓar mutanen Zango da yawa haka ya kamata ya tanadi mai fassara a kowace rana.

Wanda ba shi da wata alama kuma kuɗinsa bai kai ba, ba sai ya fara da nan ba. Awon matsin ido da duba jijiyar gani ana yin su a sashen ido na asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama da ma wasu asibitocin gwamnati, kuma su ne matakin farko ga duk wanda ya haura 40 a gidan da aka taɓa makanta. Wanda kuwa ya ga layuka suna karkacewa ko tsakiyar ganinsa ya dushe kwatsam, hoton OCT ya cancanci kuɗinsa, kuma kada ya bari mako ya zagayo, domin nau'in jiƙaƙƙen yana iya barin tabon da allura ba ta gyarawa. Ya nemi ganin likita kafin ya biya kuɗin kowane hoto, ya kuma wuce gwajin yawun.

Kuɗin da na so kashewa a gwajin yawun da shi na kai ƙannenmu biyu da babban ɗan Yaya aka auna su, aka kuwa samu matsin idon autarmu ya haura, yanzu ana bibiyar ta. Sauran 'yan'uwanmu uku suna Nima a Accra, ɗaya kuma yana Tamale, na aika musu hoton takardar dangin da aka cike mana domin su nuna wa duk likitan da za su gani. Likitar ta ba Yaya wata takarda mai layuka a tsaye da a kwance kamar gidajen dara, da ɗigo a tsakiya, ta ce ta riƙa duban ɗigon da kowane ido shi kaɗai, in ta ga wani layi ya sake lanƙwashewa ta zo a ranar ba tare da jiran lokacin da aka ba ta ba. Ta manna ta a bango kusa da inda take shimfiɗa dardumarta, kuma an ba mu ranar komawa bayan mako shida.